Ruwa Na Ƙasa Sai Ga Wanda Bai Tona Ba: Lissafin Sayen Inji Bashi a Ƙasar Birnin Gwari

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin dillalai da masu kantunan sayar da injuna a 'yan shekarun nan, watau, "Ɗauki yanzu, ka biya sannu a hankali, babu ruwa." Ana jin ta wajen masu sayar da babura da injin ban ruwa da injin niƙa da janareto da farantan hasken rana, har da wayar hannu. Magana ce mai daɗin ji, musamman ga Musulmin da yake gudun cin haram, da kuma talakan da tara kuɗin inji gaba ɗaya ya fi ƙarfinsa. To amma ilmin lissafi ba ruwansa da daɗin baki, lambobi kawai yake dubawa. A wannan maƙala za mu ɗora wannan alkawari a kan sikeli, kuma za mu yi awon ne a ƙasar Birnin Gwari, domin a can abubuwan da ke sa bashi ya yi tsada sun taru wuri guda, ta yadda mai karatu zai iya ganinsu ɗaya bayan ɗaya.

Inji mai biyan kuɗin kansa

Dabarar sayar da inji a biya kaɗan-kaɗan tsohuwa ce. A shekarar 1856 wani lauya mai suna Edward Clark, abokin kasuwancin Isaac Singer, ya lura cewa keken ɗinkinsu, wanda kuɗinsa ya haura dala 100, ya gagari yawancin magidanta a Amurka. Sai ya fito da tsari: mutum ya ajiye dala 5, ya ɗauki keke, sauran ya riƙa biya wata-wata. Hikimar ita ce keken da kansa yake nemo kuɗin da za a biya shi. Sunan Singer da ya shiga kusan kowane ɗakin tela a ƙasar Hausa, wannan tsari yana cikin abin da ya share masa hanya a duniya.

Misalin da ya fi fito da lissafin a fili shi ne wani injin wasa da Amurkawa ke kira finbol. Akwati ne mai rufin gilashi, an ɗan karkata shi, mai wasa ya jefa kwabo ya harba ƙwallon ƙarfe, ita kuma ta riƙa gangarowa tana bugun ƙusoshi tana tara maki. A shekarar 1931, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, David Gottlieb na birnin Cikago ya fito da wani samfuri mai suna Baffle Ball a kan dala 17.50, wasa ɗaya kuma senti guda. Lissafin mai saye bai wuce layi ɗaya ba: wasa 1,750 ya mayar da uwar kuɗi, abin da ya biyo baya riba ne. Sai dai lissafin bai san da hukuma ba. A shekarar 1942 magajin garin Niyok, Fiorello LaGuardia, ya haramta injin bisa hujjar cewa caca ne, aka bi kantuna ana kwashewa ana farfasawa, kuma ba a ɗage haramcin ba sai 1976. Mai karatu ya riƙe wannan labari, za mu ga ɗan'uwansa a jihar Kaduna.

A yau sabon injin finbol yakan haura dala 6,000, kuma kantuna da yawa a can suna tallarsa da "wata goma sha biyu babu ruwa". A yawancin irin wannan ciniki wani kamfanin bashi ne yake biyan mai kanti nan take, bayan ya zaftare nasa kason, mai kanti kuwa ya riga ya cusa wannan kaso a cikin farashi. Akwai kuma wani nau'i mai tarko. Ana lissafa ruwan a ɓoye tun daga ranar farko, a kan ma'aunin da sau da yawa yake kusantar kashi 30 cikin 100 a shekara. In mutum ya gama biya kafin wa'adi sai a yafe masa. In kuwa ko dala 50 ta rage a ranar ƙarshe, sai a ɗora masa ruwan shekarar gaba ɗaya.

A ƙasarmu 'yan'uwan wannan inji su ne teburin sunuka da na'urar wasan bidiyo da talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo, waɗanda samari ke kafawa su riƙa karɓar kuɗin wasa. Amma injunan da rayuwar iyali ta rataya a kansu su ne babur da injin niƙa da injin ban ruwa da keken ɗinki, kuma a kansu za mu fi tsayawa.

Inda ruwan yake kwanciya

Lambobin da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su ne don sauƙin lissafi. Kowa ya sa farashin kasuwarsu a madadinsu.

A ce injin ban ruwa kuɗinsa N100,000 in za a biya hannu da hannu. Mai kanti ya ce in bashi ne N120,000, a biya N10,000 kowane wata har wata goma sha biyu. Kusan kowa zai ce ƙarin kashi 20 cikin 100 ne a shekara. Wannan kuskure ne, kuma shi ne kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗin jama'a. Da a ce manomi ya riƙe N100,000 ɗin nan shekara cur sannan ya kawo N120,000 a dunƙule, to da kashi 20 ne. Amma tun ƙarshen watan farko ya fara mayarwa. A tsakiyar shekara kusan rabin kuɗin ya koma hannun mai kanti, a watan ƙarshe kuwa ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. In aka haɗa watannin aka raba, abin da manomin ya riƙe a tsakaice bai fi N54,000 da 'yan kai ba. A kan wannan adadi ne ya biya ƙarin N20,000. In aka yi lissafin daki-daki yadda banki ke yi, sai a tarar da kusan kashi 3 cikin 100 a kowane wata, watau wajen kashi 35 cikin 100 a shekara.

Ga wata ƙa'ida ta taƙaitawa wadda ba ta bukatar na'urar lissafi: in za a biya bashi daidai-wa-daida cikin shekara guda, a ninka ƙarin da aka gani sau biyu, a ɗan rage kaɗan, shi ne ainihin tsadar bashin.

Yanzu kuma a ƙara kafin alƙalami. Mai kanti ya ce a ajiye N40,000 a yau, sannan a biya N10,000 har wata takwas. Jimla dai N120,000 ce, ba ta sake ba, har ma mai saye yana murna zai rabu da bashi da wuri. To amma bashin gaskiya a nan N60,000 ne kacal, tunda N40,000 ta fito daga aljihunsa tun ranar farko, kuma ƙarin N20,000 ɗin nan cikin wata takwas za a karɓe shi. Lissafi ya nuna kusan kashi 7 cikin 100 a wata, fiye da kashi 80 a shekara ke nan. Inji ɗaya, jimla ɗaya, amma tsadar ta ninka fiye da sau biyu. Wannan shi ya sa tambayar "nawa ne duka?" ba ta isa ba. Tambayoyi uku ne: nawa ne hannu da hannu, nawa zan ajiye yau, kuma yaushe zan biya sauran.

Harkar babur ta fi wannan zafi. Mai hali ya sayi babur, mu ce a kan N1,000,000, ya ba ɗan acaɓa a kan N1,500,000, ya riƙa kawo balas ɗin N30,000 duk mako har mako hamsin, sannan babur ya zama nasa. A ido ƙarin rabi ne. A lissafi kuwa ya kusa kashi 90 cikin 100 a shekara. Ga man fetur da gyara da tikitin ƙungiya duk a wuyan mai tuƙi.

Mai kanti ma yana da nasa kuka

Ba daidai ba ne a tsaya nan a ce duk mai sayar da kaya bashi azzalumi ne. Naira ta yau da nairar baɗi suna ɗaya ne kawai, ƙarfinsu ba ɗaya ba. A shekarar 1995 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 72 cikin 100, wanda ya rayu a lokacin bai manta ba. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da kashi 34.8, kafin ta sake ma'auninta a farkon 2025 lambar ta sauko. Kashi 34.8 a shekara daidai yake da kusan kashi biyu da rabi a kowane wata. A irin wannan shekara, in mai kanti ya yi tsoron Allah ya ba da injin N100,000 a kan N100,000 ɗin, a biya shi cikin wata goma sha biyu, kuɗin da zai tattara ba za su sayi fiye da abin da N85,500 ke saye a ranar cinikin ba. Ya yi sadakar kusan N14,500, kuma ba zai iya mayar da inji a gurbin wanda ya fita ba. Ashe ke nan ƙarin N20,000 na misalinmu na farko, a shekara irin 2024, da ƙyar ya fitar da mai kanti daga hasara.

Daɗin daɗawa, yawancin waɗannan injuna daga Sin da Indiya ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira a kasuwar canji, dalar da ake saye a hukumance wajen N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. Wanda ya ba da babur bashi a watan Mayu na 2023 a kan farashin da aka yanke, shi ya ji a jikinsa. Wanda ya karɓa kuwa ya tsinci dami a kala, ko da yake janye tallafin mai da aka yi a ƙarshen wannan wata na Mayu ya cinye masa wani abu daga ciki.

Kason da daji ke ɗauka

Birnin Gwari yana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ta bi ta Buruku ta nufi Tegina, wata hanyar kuma ta yi arewa zuwa Funtuwa. Ƙasa ce ta masara da dawa da dabbobi, ga zinariya a ƙarƙashinta. A gefenta akwai dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na jihar Zamfara. Fiye da shekara goma waɗannan dazuzzuka sun zama mafakar 'yan bindiga, abin da ya taɓa noma da kasuwa da tafiye-tafiye a garuruwa irin su Dogon Dawa da Kuyello da Randagi da Damari.

Mene ne haɗin wannan da farashin inji? Ga shi. A ce dillali ya ba mutum goma inji goma, kowanne N100,000. In dukansu za su biya, N100,000 daga kowa ta mayar masa da uwar kuɗinsa. In kuwa ya san cewa a cikin goma ɗaya zai salwanta, ko an ƙwace injin a hanya, ko an kori mai shi daga gonarsa, ko an sayar da shi an biya kuɗin fansa, to mutum tara ne za su ɗauki nauyin miliyan ɗin, kowa N111,000 da ɗoriya. In biyu ne za su salwanta, takwas ɗin da suka rage kowa N125,000. A lura yadda abin ke hawa: hatsari ya ninka sau biyu, amma ƙarin ya fi ninki biyu. Kuma duk wannan kafin a sa hauhawar farashi, kafin a sa ribar dillali. Watau mutumin kirki mai cika alkawari a ƙauyen da ke bakin daji yana biyan wani haraji da ɗan'uwansa na cikin Kaduna ba ya biya, ba don wani laifi nasa ba. Sau da yawa ma ba ƙarin kuɗi ake yi masa ba, hana shi bashin ake yi ɗungurungum, ko a nemi kafin alƙalami mai nauyi, wanda mun riga mun ga yadda yake ninka tsada.

Babur ya fi kowane inji shiga wannan tsaka mai wuya, domin shi ne abin hawan manomi da ɗan acaɓa, shi ne kuma abin hawan 'yan bindiga. Don haka ɓarawo na nemansa, hukuma kuma na zarginsa. A damunar 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako-mako a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, ta hana sayar da fetur a jarka da sarar itace. A ƙarshen watan Satumba ta hana hawa babur na tsawon wata uku, aka kuma katse layukan waya a wasu sassan jihar har zuwa ƙarshen Nuwamba. Ba hikimar matakin muke aunawa a nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne ɗan acaɓan misalinmu: wata uku mako goma sha uku ne, a kan N30,000 ya kama N390,000, alhali babur yana jingine a zaure. Haka mai injin ban ruwa da mai janareto, waɗanda ba su da hanyar kai mai gona ko shago sai a jarka. Abin da ya sami masu finbol a Niyok ke nan, sai dai a can abin wasa aka rasa, a nan kuwa abincin yara.

Akwai wani sabon salo da fasaha ta kawo. Kamfanoni irin su M-Kopa, wanda ya fara a Kenya, da Lumos, wanda ya haɗa gwiwa da MTN a Nijeriya, sun sa wa na'urar hasken rana wani ɗan makulli na lantarki. In mutum ya biya ta waya, na'ura ta buɗe na wasu kwanaki. In bai biya ba ta mutu da kanta. Haka ake yi wa wayoyin da ake sayarwa bashi. Wannan yana rage fargabar mai sayarwa, domin kayan da aka gudu da shi ba shi da amfani, kuma bisa lissafin da muka yi a sama ya kamata ya rage ƙarin da ake ɗora wa masu biya. Amma tsarin ya dogara ne kacokan a kan layin waya, abin da mutanen yammacin Kaduna suka ga yana iya ɗaukewa wata biyu.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 gwamnan jihar, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe, a ƙarƙashin wani shirin sulhu da 'yan bindiga. Masana tsaro suna da ma'aunansu na gane ko zaman lafiya ya kafu. Mai lissafi shi ma yana da nasa, kuma a ganina ya fi jawabin kowane jami'i gaskiya: a duba tazarar da ke tsakanin farashin hannu da farashin bashi a kantunan garin, da yawan kafin alƙalamin da ake nema daga mutumin ƙauye. Dillali ba ya yi wa aljihunsa ƙarya.

Abin da shari'a da doka suka ce

Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, shin wannan ƙari ba shi ne ruwan da aka haramta ba? Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna cinikin ajali, ɗaliban Risala ma sun san babinsa. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a watan Maris na 1990 ta yanke cewa ya halatta farashin ajali ya fi na hannu, da sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya kafin a rabu. Ta kuma yanke cewa in mai saye ya makara, ba a ƙara masa ko kwabo saboda jinkirin, kuma da zarar an ƙulla ciniki kaya ya zama na mai saye, sai dai mai sayarwa yana iya neman a jinginar masa da shi. A kan wannan tushe bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suke gudanar da murabaha: banki ya sayi inji ya mallake shi, sannan ya sayar wa mutum da riba sananniya. Dokar bankuna ta 1991 ta buɗe ƙofar irin waɗannan bankuna a Nijeriya, Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021.

Bambancin yana da nauyi ƙwarai, musamman a wuri irin Birnin Gwari. Bashin da ba ya girma in an makara, shi ne wanda mutum zai iya fita daga cikinsa bayan wata uku na zaman dole. Amma halacci abu ne daban, araha kuma abu ne daban. Ciniki yana iya zama halal tsantsa kuma ya yi tsada ta fitar hankali, kamar yadda ake iya sayar wa mutum buhun masara a ninkin kuɗinsa ba tare da an shiga haram ba. Malami zai gaya maka ko cinikin ya inganta. Ko ya dace da aljihunka kuwa, wannan aikin alƙalami da takarda ne.

Ta fuskar dokar ƙasa, akwai dokar tarayya ta 1965 game da hayar da ke ƙarewa da mallaka. Ta wajabta wa mai kaya ya bayyana farashin hannu a rubuce kafin a ƙulla yarjejeniya, wanda shi ne lambar da duk lissafinmu ya dogara a kanta. Ta kuma ce in wanda ya karɓi abin hawa ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai shi ba zai ƙwace ba sai ta hanyar kotu, ko da yake in biya uku suka taru yana iya ɗauke shi ya adana kafin a yi hukunci. A misalinmu kashi uku cikin biyar shi ne N900,000, watau mako na talatin. 'Yan acaɓa nawa ne suka san da wannan? Abin takaici, ga kayan da ba abin hawa ba dokar ta tsaya ne a kan wanda kuɗinsa bai wuce N2,000 ba, adadin da a wancan zamani yake sayen inji, a yau kuwa ko bel ɗin injin niƙa da wuya ya saya.

Bashin gida

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma tun kafin zuwan kanti da banki yana da nasa tsari. A shekarun 1988 da 1989 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Christopher Udry, ya bi diddigin bashi a gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya. Ya tarar yawancin bashin tsakanin 'yan'uwa da maƙwabta ne, babu takarda, babu jingina, ba a kuma yanka ruwa. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne abin da ake biya yana bin halin da mutane suka shiga. In gonar mai cin bashi ta lalace ko ciwo ya shiga gidansa, sai ya biya ƙasa da yadda aka saba, a kuma ƙara masa lokaci. In kuwa mai ba da bashin ne masifa ta afka wa, sai a biya shi da wuri, har da ɗan ƙari. Watau bashi da inshora ne a ƙunshe wuri guda. Ƙarfin tsarin shi ne kowa ya san gonar kowa, ba mai iya ƙaryar hasara. Rauninsa kuma a nan yake: in masifa ta haɗa gari duka, kamar fari ko harin da ya tashi ƙauye, mai bayarwa da mai karɓa sun zama ɗaya, ba mai ɗaukar wani.

Adashi shi ne abin da ya fi cancantar sunan "babu ruwa", amma shi ma hauhawar farashi ta shiga cikinsa. Mutum goma suna zuba N10,000 duk wata. Na farko ya kwashi N100,000 ya sayi injinsa a yau. Na ƙarshe zai kwasa bayan wata tara, kuma in farashi yana hawa da kashi biyu da rabi a wata, injin ya kai wajen N125,000. Ba wanda ya ci kuɗin wani, amma na ƙarshe ya ba na farko kyauta ba tare da ya sani ba. A nan ne lissafi ya zo da abin mamaki: a shekara irin wannan, wanda ya karɓi injin bashi a kan N120,000 ya fi wanda ya jira kwasar ƙarshe samun sauƙi, ga shi kuma ya mori aikin injin na wata tara. In farashi ya tsaya cik, sai hukuncin ya juye. Ba a yanke wa bashi hukunci sau ɗaya a huta. Kowace shekara da nata lissafi.

Saura abu ɗaya wanda takardun kanti ba su cika kula da shi ba, watau lokacin biya. Tsarin wata-wata an gina shi ne don ma'aikaci mai albashi. Manomin Birnin Gwari kuwa kuɗinsa sau ɗaya ko sau biyu yake zuwa a shekara. In ya karɓi inji a watan Yuni, biyan Yuli da Agusta da Satumba sun faɗo a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga taki ga 'yan ƙwadago. Abin da ya taru sai ya biya da kaka, lokacin da kowa ya fito da masararsa farashi ya faɗi. A ce buhu yana N30,000 a watan Nuwamba, wanda a shekarar da farashi ya bi al'adarsa zai iya kai N45,000 a watan Yuni. Don ya biya N90,000 sai ya sayar da buhu uku, alhali da an jira shi buhu biyu sun isa. Buhun nan na uku ba ya cikin yarjejeniya, bai kuma shiga aljihun mai kanti ba, ɗan kasuwar da ya saya ya ajiye shi ne ya ci. Injin ban ruwan da aka karɓa a watan Nuwamba don noman rani, aka kuma tsara biyansa ya fara daga Fabrairu ko Maris sa'ad da tumatir da albasa suka fara fita, ko da jimlarsa ta ɗara ta wancan da N5,000, ya bar wa manomi buhunsa a rumbu.